Masu Manyan Kai Arba'in da Uku

Unguwar Ranuna, Madina,
9 ga Rajab, 1446.

Zuwa ga Yayata Shafa'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki da duk mutanen gidanmu na Gusau. Ya gwiwar taki? Na ji an ce har yanzu a zaune kike salla, kuma kin ƙi barin hawa benen nan don taurin kai. Allah ya ba ki sauƙi, ya sa kaffara ne, ya ja mana kwananki. Labarin saukar Munirat ya iso mana, Allah ya raya yarinya, ya sa mai albarka ce, ya ba uwarta lafiyar shayarwa. Duk ranar da na samu shiga Harami sai na ambaci sunayenku ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba sa nemana.

Mu nan sai godiyar Allah. Sanyi ya sauka sosai a Madina bana. Sundus tana Yanbu wurin aikinta na kantin magani, ita da mijinta da ɗanta lafiya lau, takan zo mana duk ƙarshen mako idan hanya ta yi. Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni bayan kullum muna waya. Malam Mahmudu maƙwabcinku ya zo Umra, ya biyo ziyara, jibi zai tashi, shi ne na ce bari in ba shi ya kai miki hannu da hannu. Abin da zan faɗa miki ba na waya ba ne. Gidan nan ƙarami ne, mai gidana Baban Sundus kuwa duk abin da ciwo ya taɓa a jikinsa bai taɓa kunnensa ba. Ban da haka ma, na gwada sau biyu in faɗa miki da baki, da na ji muryarki sai in koma tambayar kuɗin tumatir a kasuwar Gusau.

Yaya, don Allah kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe. Maganar tururuwa ce. E, tururuwar nan da muke tsallakewa a bakin rumbun Baba muna yara. Kin tuna zuwanki na ƙarshe, da kika ga akwatin gilashi a falo kika tambayi Baban Sundus ko ya rasa abin kiwo ne a duk ƙasar Makka, ya ce miki ai ya ga ku mutanen Gusau ba a kiwata ku ba ne shi ya sa kuka lalace? To, wannan akwatin. Na kashe abin da ke cikinsa da hannuna, ba da niyya ba, kuma ina tsoron na haɗa da mai akwatin.

Bari in faro miki daga farko, domin ke gefen labarin kawai kika sani. Shekara huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, aka sallame shi daga matatar man Yanbu ya dawo gida Madina. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tashi kafin asuba ya koma ba ya ko son a buɗe masa labule. Wata rana abokinsa ya lallaɓa shi ya kai shi gonar dabinonsa a Khaibar don ya sha iska, aka yi sa'a an yi ruwan sama kwana ɗaya kafin nan. A can ya ga wata babbar tururuwa tana yawo ita kaɗai a kan jiƙaƙƙen yashi, ta zubar da fikafikanta. Ya sa aka kama masa ita a kwalbar magani. Ya dawo gida yana ce mini ya samo uwa, wai daga ita kaɗai gari guda zai fito. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, na wuce kicin. Bayan wata biyu sai ga 'ya'yanta na farko, guda bakwai, ƙanana ƙwarai kamar kiyashi, sai ka ƙura ido kake ganinsu. Ranar ya kira ni da ƙarfi har na zaci faɗuwa ya yi. Daga bakwai suka zama talatin, suka zama ɗari, ya sa aka kawo masa akwatin nan mai ɗakuna a ciki da fili a waje inda yake zuba musu gero da riɗi da alkama. Ɗakunan ciki ya rufe su da jan gilashi, wai ba sa son haske. A shekara ta biyu wasu suka fara fitowa da ɗan girma fiye da na farko. Kullum da safe sai ya ja ƙafarsa ya je ya zauna a kujerar da ke gaban akwatin, da littafinsa yana rubutu da Larabci. Da wannan zuwa da dawowar ƙafar ta warware har ya koma zuwa masallacin unguwa da kansa.

Akwai abin da yake jira ya fito a cikinsu, wannan na sani. Ya sha faɗa mini. Amma Yaya, in gaya miki gaskiya tsakanina da Allah, ban taɓa saurara ba. Idan ya fara sai in riƙa cewa to, to, madalla, hankalina yana kan tukunya ko kan ƙafafuna da suka kumbura da tsayuwa. Maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. A raina ina cewa namiji da furfurarsa ya zauna yana gadin ƙwari. Da Sundus yake hirarsu, su yi ta yi da Larabcin nan nasu mai gudu, da kuma wasu mutane a waya masu irin wannan kiwon. Shekara huɗu kujerar nan tana falona, ban taɓa zama a kanta ba sai dai in ɗaga ta in share ƙarƙashi.

Kin san aikina. Shekara goma sha tara ina tsaye a masana'antar dabino ina tsinta. Dabino yana wucewa a gabana, hannuna yana raba shi, manya nan, matsakaita nan, ƙanana can, mai tabo a kwando. Ba na ma tunani, hannun ne ke yi. An sha kawo sababbin ma'aikata a tsayar da su kusa da ni don su koya, domin ban taɓa barin babba ya shiga kwalin ƙanana ba. Abin ya bi jikina har gida. Takalman baƙi idan aka tuɓe a ƙofa sai na jera su bisa girma. Baban Sundus yakan ce da za a bar ni da sahun salla da na jera mutane daga dogo zuwa gajere. Ina jin daɗin wannan tsokanar a lokacin, don ina ganin yabo ne.

A watan Rabi'u Sani zuciyarsa ta motsa, aka kwantar da shi, aka yi masa aiki, kamar yadda na gaya muku. Mako bakwai ya yi a asibiti. Kafin a shiga da shi, yana kan gadon da ake turawa, abin da ya bar mini wasiyya shi ne in riƙa zuba musu ruwa a ɗan bututun da ke jikin akwatin duk kwana uku, in ba su tsaba ɗan tsunkule, kuma kada in ɗaga jan gilashin ko da me. Na ce masa ya ji da kansa. A mako na biyu na dawo daga asibiti da la'asar na sunkuya zan zuba gero, sai na ga wata a fili da ban taɓa ganin irinta ba. Ta ninka sauran sau uku ko huɗu, kanta ƙato kamar ƙwayar dawa, ja-ja yana sheƙi, ga baki kamar almakashi. Ina kallo wata 'yar ƙarama ta jawo ƙwayar alkama da ƙyar, tana ja tana hutawa, da ta iso sai ƙatuwar nan ta karɓe ta riƙe a bakinta, ƙananan suka kewaye ta suna ta taɓa ta. Raina ya ɓaci nan take. Na ce lallai wasu baƙi ne suka shigo ta wata kafa suna ƙwace wa bayin Allah abinci, ko kuma cikinsu ne wasu suka fi ƙarfi suka cinye rabon sauran, shi ya sa ƙananan nan shekara huɗu ba su girma ba. Na ce mutum yana kwance an tsaga ƙirjinsa, ba za a cinye masa dabbobi a hannuna ba.

Ban kashe ta ba. Ko a gida an hana mu kashe tururuwa, balle a garin Manzon Allah. Na ɗauko gashin kaza da ƙaramin cokalin shayi, na tura ta a hankali na ɗauke, na sa ta a robar dabino mai murfi, na huda murfin, na zuba mata tsaba da auduga mai ruwa. Washegari na ga biyu, na ɗauke. Rana ta uku na ga uku. Da na ga ba sa ƙarewa sai na ce ai gidansu yana ciki, na yi abin da ya hana ni, na ɗaga jan gilashin. Na kwance murfin ɗakunan na bi su ɗaya bayan ɗaya. Suka rikice, suna gudu da fararen ƙwai a baki, uwar tana ta neman lungun da za ta ɓuya, ni kuwa ina ta aikina da natsuwa kamar ina masana'anta. Sau biyar ina buɗewa a cikin mako uku. Sai da na tabbata babu sauran babba ko ɗaya, har da matsakaitan da na ga kansu ya fara girma na kwashe. Manyan na ƙirga su, arba'in da uku. Na kai robar ɗakin ajiya na ɗora a kan kanta. Da na duba akwatin na ga duk sun zama kai ɗaya, wallahi daɗi na ji. Har na ƙudura a raina ba zan gaya masa ba sai ya dawo, in nuna masa irin ƙoƙarin da na yi.

Sundus ce ta gano. Duk zuwanta asibiti take wucewa, gida sai wanka da canza kaya. Ana saura kwana goma a sallame shi ta shiga ɗakin ajiya neman robar da za ta zuba wa ma'aikatan jinya dabino, sai na ji ta ƙwala kira. Ta fito da robar tururuwan a hannu tana tambayata me na yi. Kin san ta, Hausa tana ji sarai amma ba ta mayarwa sai da Larabci, ranar kuwa har da Hausar ta haɗa don ta tabbata na fahimta. Ta ce waɗannan su ne abin da babanta yake jira tun ranar da ya dawo daga Khaibar. Ta ce ba baƙi ba ne, duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, da ƙananan da matsakaitan da manyan. Ta ce tururuwa ba ta girma bayan ta fito, yadda ta fito haka za ta mutu, girman tun tana tsutsa ake yanke shi bisa ga abincin da aka ba ta. Gida ba ya iya fitar da masu manyan kai sai ya yi ƙarfi, ya ƙoshi, ya tara ma'aikata da yawa da za su ciyar da tsutsa guda har ta kai haka, shi ya sa mai kiwo yake ganin fitowarsu a matsayin shaidar cewa wahalarsa ta yi kyau. Abin da na gani kuma na kira ƙwace, wai aikinsu ke nan. Ƙananan ba sa iya fasa tsaba mai tauri, sai su kawo wa manyan su fasa, su niƙa, kowa ya ci har uwar. Ina tsaye da ludayi a hannu ta gama. Na tambaye ta ko babanta ya taɓa gaya mini wannan, ta dube ni ta ce a gabanta kaɗai ya fi sau goma.

Cikin arba'in da ukun, goma sha tara ne suka rage da rai. Muka yi gaggawa, kuma gaggawar ta ƙara ɓata abin. Sundus ta juye su cikin fili don su koma gida. Ashe makonnin da suka yi a ware sun sa ƙanshin gidan ya bar jikinsu, 'yan uwansu ba su gane su ba. Yaya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ƙananan suka yi musu ca, biyar a ƙafa ɗaya, shida a wuya, manyan kuwa ba su ko rama sosai ba, suna ta ƙoƙarin shiga ƙofar ɗakunan ana jawo su baya. Muka sa gashin kaza muna rabawa, ina za mu iya. Kafin a kira magariba an ja su duka an tara a kusurwar da suke zubar da shara. Bayan kwana uku na zo zuba ruwa na tarar sun fito da uwar fili. Ta naɗe ƙafafunta ba ta motsi. Suna ɗauke da ita suna kewayawa, su ajiye, su lashe ta, su sake ɗauka, har kwana biyu ba su kai ta shara ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka shiga da mai gidan ɗakin tiyata.

Sundus ta nemi wani mutumin Jidda a cikin abokan kiwon babanta, ta roƙe shi ya rufa mana asiri. Ya ce ba zai iya cewa ga abin da ya kashe uwar ba, ko yawan buɗewa da haske, ko yunwa, ko hargitsin faɗan, ko duka. Ya ce babu magani. Ba za su karɓi wata uwar ba, ƙwan da ya rage kuma sun riga sun cinye saboda yunwa. Waɗanda ke raye za su ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, suna raguwa kaɗan kaɗan, wata shida ko takwas, har ta ƙarshe ta mutu. Na cire uwar da cokalin nan, na naɗe ta a auduga na binne a tukunyar na'ana'ar da ke taga. Na mayar da jan gilashin yadda yake.

Da aka sallamo shi, ko zama bai yi ba ya ce a kai shi gaban akwatin. Daga gadonsa zuwa kujerar taku goma sha ɗaya ne. Ranar farko ni da Sundus muka riƙe shi, ya yi su yana haki, gumi yana zuba. Mai gashin ƙashin da asibiti ke turo mana ya ce kwanciyar mako bakwai ta mayar da ƙafar baya ƙwarai, kuma duk abin da zai sa ya taka da son ransa mu riƙe shi da hannu biyu, domin ya fi duk abin da shi zai yi masa. Haka kuwa aka yi. Cikin mako biyu ya koma zuwa da sanda shi kaɗai. Kullum da safe ya zauna ya sa tabarau ya yi ta dubawa, sannan ya tambaye ni ko na ga wata mai babban kai lokacin da ba ya nan. In ce ban lura ba. Ya ce lissafinsa ya nuna bana ne, ba za su wuce bana ba. Da ya ga sun ragu, ya ga alkama tana taruwa ba a fasa ba, sai na ce masa sanyi ne. Ya yarda. Ya sa aka matsar da akwatin nesa da taga, ya lulluɓe gefensa da tsohon rawaninsa.

Mako uku ina wannan ƙaryar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne godiyar da yake yi mini. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa akwatin ya ce Ummu Sundus ce ta riƙe masa su, ga asibiti ga aiki ga gida, ba ta bar su sun mutu ba. Har ya ce wa limamin unguwa a da yana zaton ban damu da abin da ya damu da shi ba, ashe bai san matarsa ba. Ina tsaye da tiren shayi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sundus ta kawo shawarar mu sayi wani gidan tururuwar daga Jidda, mai uwa da manyansa, mu musanya ranar da aka kai shi ganin likita. Na kwana biyu ina juya maganar, har na ce ta tambayo. Daga baya na ce a'a. Mutumin da ya san ɗakin da suke ajiye riɗi da ɗakin da suke ajiye gero ba za a yi masa wannan ba, in kuma ya gane, ya gane cewa ni da 'yarsa mun haɗa baki mun mayar da shi yaro. Ga shi kuma al'adarsa ce duk farkon wata yakan ɗaga jan gilashin sau ɗaya ya duba uwar. Ya ce ranar ɗaya ga Rajab zai duba.

Ana gobe ɗaya ga wata, bayan ya karya, na durƙusa a gaban kujerar na gaya masa komai. Ban rage ba, ban kuma sa sunan Sundus a ciki ba. Na shirya wa faɗa, Yaya. Na so ya yi faɗa, ya ɗaga murya, ya ce in tafi gidanmu, ko me. Ya juya ya dubi akwatin. Can sai ya tambaye ni guda nawa ne. Na ce arba'in da uku. Ya maimaita adadin a hankali. Sai ya ce in kwatanta masa su, tunda ni kaɗai na gan su da ransu da lafiyarsu. Ya tambayi launin kan, na ce ja ne mai duhu kamar bayan dabinon safawi. Ya tambaya ko duk girmansu ɗaya, na ce a'a, hawa uku ne, akwai guda shida da suka fi sauran, ɗaya a cikinsu kanta har ya fi gangar jikinta faɗi. Wannan idon nawa da ya jawo masifar, shi ne ya riƙe komai, babu abin da ya tambaya da ban iya amsawa ba. Ya tambaya ko na ga suna fasa alkama, na ce na gani, har ƙarar fashewar ana ji idan gida ya yi tsit. Ya ce bai san ana ji ba. Na ga fuskarsa ta saki kamar zai yi murmushi, sai kuma ya cire tabaran ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, Allah ya haɗa mu a kan alheri, kuma in taimaka masa ya koma ɗaki domin ya gaji.

Yau kwana tara ke nan bai sake takowa falo ba. Ba fushi yake yi ba, da fushi ne da na san yadda zan bi da shi, shekara ashirin da takwas ba kwana biyu ba ne. Idan na kai abinci yakan ci loma uku ya ce Allah ya yi albarka. Salla a kwance yake yi. Ban da wannan ba ya cewa komai, fuskarsa tana bango. Mai gashin ƙashi ya zo sau uku, Baban Sundus ya ce masa ya gaji, a bari sai wani lokaci. Jiya mutumin ya ja ni gefe a bakin ƙofa ya ce ƙafar ta fara sandarewa, idan aka ƙara mako biyu a haka kada mu sa rai zai sake takawa, kuma zuciyar da aka yi wa aiki ba ta son kwanciya. Sundus ta zo ta yi kuka ta yi lallashi, ta ce za ta kai shi Khaibar da an yi ruwa su samo wata uwar. Ya shafa kanta ya ce shekara huɗu ake jira, ta duba shi da kyau ta gaya masa ko ta ga shekara huɗu a jikinsa. Matar maƙwabcinmu kuwa da ta ji labari sai cewa ta yi ai abin bai kai haka ba, in fesa wa sauran magani in wanke akwatin in sa kifi. Ban san lokacin da na nuna mata ƙofa ba, kuma har yau ban je ba ta haƙuri ba.

Na ɗauki hutu a wurin aiki, ban kuma san ko zan koma ba, domin hannuna ya fara ba ni tsoro. Yanzu ni ke daka musu tsabar a ƙaramin turmin yaji, in zuba musu garin, tunda babu mai fasa musu. Ni ke zama a kujerar. Sai yanzu nake ganin abin da yake gani. Ƙananan nan da na ɗauka duk ɗaya ne, ashe akwai masu ɗebo ruwa, akwai masu fitar da shara, akwai wasu da ba sa fitowa sam, suna ta share ɗakin da babu kowa a ciki. Nakan bar ƙofar ɗakinsa a buɗe in riƙa faɗin abin da suke yi da ƙarfi, kamar da kaina nake magana, ko zai ce in duba masa wani abu. Bai taɓa tankawa ba. Ban sani ba ko daɗi yake ji ko ƙara masa ciwo nake yi, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Ga abin da nake roƙo, Yaya. Ki kira Ɗan'inna ki karanta masa wannan takarda, shi kaɗai, kada ta bi dangi a mayar da ni abin hira a gidan suna. Duk cikin taubasan Baban Sundus babu wanda yake iya sa shi dariya har ya yi tari sai Ɗan'inna. Ki ce masa ya kira shi a waya ranar Juma'a bayan an sauko. Kada ya yi masa jaje, kada ya yi masa wa'azi, masu wa'azi sun zo sun tafi. Ya zage shi yadda ya saba, ya ce masa rago, Balaraben ƙarya, ya ce yana nan zuwa Umra da azumi kuma ba zai tura keken kowa a Harami ba. Wataƙila ya harzuƙa ya tashi don ya rama. Ban ce zai yi aiki ba. Gaskiya ma zuciyata ba ta ba ni zai yi ba, amma dabarata ta ƙare, kuma ni ba zan iya tsokanarsa ba yanzu. Ke kuma ki sa mu a addu'a, ki sa yara su yi mana. Idan kina da faɗan da za ki yi mini ki yi, zan ji sanyi in wani ya yi mini shi.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, da Inna Hanne, Allah ya ƙara mata lafiya, da Ɗan'inna da iyalinsa, da Munirat da jaririyarta, da Issoufou idan ya zo daga Maraɗi, da duk wanda ya tambaye ni. Malam Mahmudu zai ba ki dabino kwali biyu, ɗaya naki ɗaya na Inna. Sundus tana gaishe ki, ta ce ki yafe mata rashin kira. Shekara ashirin da takwas duk saƙon da na aiko miki da gaisuwar Baban Sundus nake rufe shi, ko ya ce ko bai ce ba. Yau na shiga na gaya masa ina rubuta miki takarda, na tsaya a bakin gado ina jira, bai juyo ba. Na yi masa ƙarya ta mako uku, ba zan ƙara wata da sunansa ba, don haka wannan karon babu gaisuwarsa.

Wassalam. Taki ƙanwa,
Ƙaltume.